Direba da Warin Ranar Kasuwa

"Wallahi Iya, daddawarki ce!"

"Daddawata? Kai ɗan nan, ka ji tsoron Allah. Tun kana kwandasta nake shiga mota da kwandon nan, ba wanda ya taɓa toshe mini hanci."

Masu wannan cacar baki wani direban haya ne da wata tsohuwa mai sayar da daddawa. Duk ranar kasuwar ƙauye ita ce fasinjarsa ta farko, kujerar gaba tata ce, kuma ba ta zuwa ita kaɗai. Mai kuka, mai kuɓewa, mai man shanu, duk motar da Iya ta shiga nan suke ɗuruwa. Sauran direbobi suna ta rafka "saura mutum biyu", shi tuni ya yi lodi ya tashi.

Da damina ta kankama sai wani wari ya fara kawo wa motar ziyara. Ba irin na daddawa ba mai tuna wa mutum miya, wannan kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai ne a bakin kwata. Abin da ya ɗaure wa direba kai, sauran ranaku yana bisa kwalta lafiya ƙalau, amma ranar kasuwa da an sauka kan burji sai abin ya bugo. Mutumin naku ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya leƙa ƙarƙashin kujeru ko ɓera ya mutu, ya zazzage but ɗin bayan mota, ya wanke shimfiɗun ƙafa, ya yi ta rataya turare har madubi ya fara sunkuyawa. A banza. Sai ya auna a ransa: ranar kasuwa wari, ranar kasuwa Iya. Shi ke nan ya yanke hukunci, ya kuma karanta mata shi a gaban mutane.

Tsohuwa ta ce ya tsaya ta sauka. Ta ɗora kwandonta a ka, ƙawayenta suka bi bayanta kamar 'yan tsaki, suka tari wata motar.

Da kasuwa ta zagayo, ya yi ta kiran fasinja har muryarsa ta dushe, rana ta take, ya tashi da rabin mota. Duk da haka yana tafe yana shaƙar iska da fahariya, wai ya rabu da annoba. Suna sauka kan burji wata babbar mota ta wuce ta watsa masa taɓo a gilas. Ya ja ɗan sandan da ke feso ruwa kamar yadda ya saba, waifa ta yi share ɗaya, sai ga baƙon nan ya shigo da sallama. Ya waiga kujerar gaba. Ba Iya, ba kwando, sai wani bawan Allah da ya cire hularsa ya toshe hanci. Ya sake ja, warin ya ƙaru. Ya taka birki.

Yana ɗaga bonet ya buɗe murfin robar ruwan gilas, sai da ya yi baya yana salati. Ashe duk sanda ya wanke mota a kududdufi, ragowar ruwan bokiti da kumfar sabulunsa yake juyewa a ciki. Bai taɓa zubar da tsohon ba, sai dai ya ƙara sabo a kai, zafin inji kuma yana ta dafa abin. A kan kwalta ba ya bukatar fesawa. Sai a taɓon hanyar kasuwa, ranar da Iya take gefensa.

Maimakon ya zubar, sai ya ɗauko kwalbar turarensa ya tuttula a ciki. Abin ya koma kamar an yi wa mushe kwalliyar salla. Fasinjoji suka fara neman ƙofa. Dole ya zaro tiyon da yake zuƙo fetur da shi, ya zura, ya kafa baki ya ja da ƙarfi irin na mai sauri. Ruwan bai tsaya a tiyo ba. Abin da ya biyo baya dai, ciyawar gefen hanya ce shaida. Koren ruwa mai yauƙi ya yi ta kwarara da gansakuka, shi kuma yana durƙushe yana kurkure baki yana tofarwa. Da ya koma gida ya ɗauraye robar da ruwan zafi, ya cika da ruwan famfo, ya yi ta fesawa har abin da ke fita ya zama garau.

Wari ya tafi, saura fasinja. Ranar kasuwa da sassafe ya sami Iya a kujerar gaban wata mota, ƙawayenta sun cika baya. Ya rusuna a bakin taga.

"Iya, barka da asuba. Warin nan fa ya tafi."

"Ai dole, tunda na sauka."

"A'a, a robar ruwa na same shi."

Mai kuka ta zunguri mai man shanu. Kowa ya zuba masa ido, ana jiran "ki yi haƙuri" kawai, ita kanta tsohuwar har ta kai hannu ga kwandonta. Ya sosa ƙeya, ya gyara murya.

"Amma Iya, ni a nawa ganin, ruwan nan a wurin daddawarki ya koya."

Direban waccan motar ya sa giya, suka bar shi tsaye da gilas mai sheƙi da kujeru wayam.

Ba banza ba Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.