Ƙwan Dodannin Toka

Mai gyaran waya ya tsaya a bakin shagon ɗinkin budurwarsa, ya ce iyayensa za su zo neman aurenta. Ba ta tsayar da keken ba.

A wasan da suke bugawa ta intanet, dodannin toka ƙaramar zuri'a ce da ba kowa ya sani ba, kuma mutum biyu ke gadin kowane ƙwai. Shi da ita ke gadin ƙwai ɗaya, sai ya koma babbar zuri'a, bai gaya mata ba.

"Haba, wasa ne fa," ya ce, da ya gane dalilin fushinta.

Sai lokacin ta dube shi. "Wata huɗu muna karɓa-karɓa, Malam. Ranar ƙyanƙyasa na tarar ƙwan ya yi sanyi."

"To, me zan ce wa Baba?"

Ta tsinke zare da haƙori. "Gaya masa. In shi ma ya ce wasa ne, kada su wahalar da ƙafarsu."