Tafasar Cikin Tabarau

Tun da aka katange daji, a wasan intanet Tabawa da ƙanwarta Lantana suke tsinkar ganye. Tabarau suke sawa su shiga dajin hoto, su auno gero da zinaren da wasan ke biyansu.

Yau ma saman tafasa kawai Tabawa ke tsinka.

"Yaya, tuge har saiwa mana!" in ji Lantana. "Ita ke da tsada. So kike mu kwana da yunwa?"

"Inna cewa take a bar wa na baya."

"Wane na baya? Gobe masu wasan za su zana wata."

Tabawa ta tuge. Ta cire tabarau ta duba yatsunta, fes. A da, a dajin gaske, har Inna ta gaji da dirza mata hannu, koren tafasa ba ya barin farcenta.