Shatin Hannu a Bangon Cocinmu

Ina yarinya aka yanke shawarar rushe tsohon cocinmu na Metodis, ginin ƙasa, a garinmu kusa da Funtuwa, don a yi babba na bulo. Wata la'asar kakata ta ja ni bayan ginin, ta nuna mini shatin tafin hannu a jikin yaɓen.

"Na marigayi kakanki ne," ta ce. "Ni na ɗebo ruwan kwaɓin daga rafi, ina da cikin babanki."

Na ce, "Kaka, ba za ki hana su ba?"

Ta yi dariya tana share ido. "Yawa muka yi, 'yar nan. Ai abin da muka roƙa ke nan."

Yau na yi jikoki, amma ban kai ta faɗin zuciya ba.