Takabar da Ba Ta Ƙarewa

Tunda ka ce tsohuwarka ta fara gigin tsufa, zauna ka ji wannan daga bakin wanda ya riga ya binne tasa.

An yi wani manomi, mutumin kirki, ba ya ƙarya ko da wasa. Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa, mahaifiyarsa kuma mantuwa ta kama ta. Kullum idan an sauke tuwo sai ta ɗauko kwanon mijinta ta goge da bakin zane, ta ce, "Malam bai dawo ba?" Shi kuwa sai ya durƙusa ya ce, "Inna, Baba ai ya rasu." Har hular marigayin yake ɗauko mata, wai ko hankalinta ya dawo. Sai ta yi salati, ta cire 'yan kunne, ta shige ɗaki ta soma takaba, ta ƙi abinci. Gari na wayewa labarin ya gushe mata, amma baƙin cikin yana nan. Sai ka gan ta bakin murhu tana hawaye, ba ta san wa take yi wa kuka ba. Matarsa ta sha ce masa, "Maigida, ka bar ta da kwanonta mana." Ya ce shi ba zai yaudari uwar da ta haife shi ba. Takabar da mata ke yi sau ɗaya, ita kullum sai ta sake ta daga farko, har zane ya daina zama a ƙugunta.

Ran nan ya dawo daga gona a gajiye, ta yi tambayarta, ya rasa ƙarfin maimaitawa. Sai kawai ya ce, "Inna, wace miya za a zuba masa?" Fuskarta ta washe. Ta ce, "Kuka mana, a cika daddawa. Kada ku sa masa yaji, ragon maza ne, yanzu sai ya hau tari." Ta yi dariya, ta shiga labarin ranar da aka kawo ta gidan a kan jaki, har ta ci loma biyu. Ashe abin da take nema ke nan tun farko, a taya ta hirar mijinta. Amma jiki ya riga ya ƙare. Kafin a yanke gero an kai ta makwancinta.

Kwanon yana nan a kife bisa randa. Manomin ba ya iya kallonsa, ya kuma hana a ɗauke.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, da na sani ƙeya ce, a baya take.