Warin Tumatir a Mile 12

Shekarar da soja suka sauka daga mulki, ina 'yar shekara tara, Inna ta ja ni muka hau danfo, motar haya, daga Agege. Don sauri ko takalmi ban sa ba. Wata huɗu ke nan da Baba ya ɓata, tun da taɓin hankalinsa ya tashi. Wani ɗan dako ne ya ce ya hango shi a kasuwar Mile 12.

Muka same shi a bayan wata gingimari, cikin warin ruɓaɓɓen tumatir, yana ware masu kyau gefe kamar dā a rumfarsa. Inna ta kasa matsawa, tana tsoron ba zai gane mu ba.

Ya ɗago, ya kalli ƙafata.

"Uwata, ina takalminki?"

Mutane kan toshe hanci a wurin nan. Ni har yau ajiyar zuciya nake yi.