Goron Da Ke Cikin Hular Tanimu

Tun da mijina Tanimu ya rasu, ofishin fansho suka saka mini awarwaro mai auna baƙin ciki. Muddin ina kewarsa, za su biya ni. Jiya suka tsayar da kuɗin, yau na dira ofishin.

"Iya, na'ura ta ce kin yi dariya ranar Talata," in ji ma'aikaciyar.

"Na yi. Hularsa na ɗauko, goro ya faɗo. Mutumin da ya rantse mini ya daina ci!"

Ta yi maza ta toshe baki kada dariya ta kuɓuce mata. Ashe ita ma tana sanye da nata awarwaron. Sai na sassauta murya.

"'Yar nan, mayar mini da haƙƙina. Shekara arba'in yana ba ni dariya. Don ya mutu sai ya daina?"