Hawayen Haya

"Hawayen haya ne," na faɗa wa sauran mutanen gari da aka zaɓo mu tare don yanke hukunci, a ɗakin shawara na wata kotu a Chicago. "Lauyan yaron ne ya zaunar da tsohuwar nan bayansa don ta karya mana zuciya."

"Haba Madam," in ji wani direban bas daga cikinmu, "idan fa uwarsa ce?"

"Ni ba a yi min wayo."

Kafin yamma na juya su duka, muka ce yaron ya yi kisan da ake tuhumarsa da shi.

A bakin kotu na tarar da tsohuwar zube a ƙasa tana kuka, ba mai kallonta. Lauyar gwamnati ta nuna ni da baki, ta ce wa abokin aikinta, "Shi ya sa na zaɓe ta. Ba ta yarda da kowa."